Kwalbar Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Wayata ta faɗa bahon wanki ta yi gum, shi ya sa ka ga takarda a hannun direban motar kayan lambu.

Bari in ba ka labari ka sha dariya, tunda harkar aikinku ce ta masu gwaji a asibiti. Ka san maigidana Dogo yana nan a aikinsa na share magudanar ruwan noman rani. Shi da abokan aikinsa su shiga da lauje da manjagara, su fitar da kainuwa da ciyawa, wai don kada katantanwa ta samu wurin maƙalewa. To, makon jiya sai ga mutanenku a farar mota. Suka raba musu 'yan kwalaben roba, aka ce gobe da rana tsaka kowa ya kawo fitsarinsa, za a duba tsargiya. Kafin yamma magana ta zaga cewa duk wanda aka samu da ita, sallamarsa za a yi daga aiki. Wa ya fara faɗa? Oho. Gajere, abokin Dogo, ya ce shi ma ji ya yi a bakin wani.

Dogo ya shigo gida jiki a sanyaye, ya ajiye kwalbar a kan taga, ya zauna ya zuba mata ido. Ka san shi tun yana yaro yake fitsarin jini, bai taɓa ɓoye min ba. Ya ce shi ke nan, aiki ya tafi, da me zai ciyar da mu. Ni kuwa ka san kaina ba ya barci. Na tuna watan jiya aka auna tsayin 'yan makaranta da sanda aka ba su ƙwayar tsargiya, har da 'Yar Farina. Da rana ta yi na kira ta bayan ɗaki, na miƙa mata kwalbar, na ce cika wa babanki. Na raɗa wa matar Gajere, ka san bakinta, kafin a jima duk matan sun ji. Tsoho, dattijon cikin abokan aikinsu, da yake ba shi da ɗa a makaranta, na maƙwabta ya aro. Yaya, da ka ga ƙattin nan sun yi layi, kowa riƙe da fitsarin ɗansa yana cin magani kamar gaske, da sai ka riƙe ciki.

To ga roƙona. In kwalaben sun zo teburinka, ka kau da kai, 'yar'uwarka ce ta yi dabara. Sannan ka aiko mana da maganin ciwon baya mai ƙarfi. Jinin nan ai ya daɗe da tsayawa, ya warke da kansa. Sai dai bayansa na damunsa ta wajen ƙugu, ga yawan zaryar banɗaki, ya je ya daɗe yana nishi ya dawo. Ina tsokanarsa cewa tsufa ne ya leƙo.

Ka gaishe da Anti da kyau.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Mutanen gida suna amsawa.

Ban yi dariya ba, Auta. Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera.

Kwalaben sun zo ɗakin gwajinmu kafin takardarki ta iso. Abokin aikina ne ya duba su, bai ga ƙwai ko ɗaya ba, ya rubuta abin da ya gani, sakamako ya wuce sama. Yanzu ki saurara. Ba don a kori kowa aka yi gwajin nan ba. Maganin da ake rabawa kyauta na 'yan makaranta ne. Ba a ware wa manya sai an nuna da hujja cewa cutar ta yi yawa a cikinsu. An daɗe ana fama kafin a yarda a gwada masu share magudana, don su ne suka fi kowa zama cikin ruwa. Da an ga abin da ke jikinsu, da yanzu magani yana hanya, nasu da na matansu. Yanzu an rubuta cewa lafiyarsu ƙalau, an juya rabonsu zuwa wani wuri, kuma ba a sake irin wannan gwaji sai bayan wasu shekaru.

Ki fahimci yadda abin yake. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa. Da rana ta take, ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito daga katantanwar su huda fatar duk wanda ke tsaye a ruwan. Ƙaiƙayin da Dogo ke ji in ya fito, shigarsu ce. A cikin jiki suke girma su yi ta zuba ƙwai, kowane ƙwai da ɗan tsininsa, yana maƙalewa a bangon mafitsara. Ana ba yara magani kowace shekara, iyayensu kuma suna sake zuba cutar a ruwan da yaran ke wanka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cewar da kika yi jinin ya tsaya. Tsayawar jini a babba ba warkewa ba ce. Sau da yawa mafitsarar ce ta yi tabo ta ƙandare. Ciwon ƙugu da nishin nan ba tsufa ba ne, ina tsoron fitsari ne ke komawa sama yana danne ƙoda. Ba zan aiko da maganin ciwon baya ba, irinsa yana ƙara wa ƙoda wahala. Ga ƙwayoyin tsargiya biyar na saya, daidai tsayinsa. Ya ci abinci ya ƙoshi, ya haɗiye su duka a zama ɗaya. Bayan haka ki kawo shi a yi masa hoto, kada ki jira a gama aikin bana.

Ina tunanin gaya wa shugabana gaskiya don a sake gwajin. Ki tambayi Dogo ra'ayinsa.

Allah Ya ba shi lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Takardarka ta zo, ƙwayoyi ma sun zo, mun gode.

Amma ka wanke ni tas, kamar ba cikinmu ɗaya ba. Kai kana zaune a ɗaki mai fanka kana leƙa madubin gwaji, wa ya taɓa zuwa ya yi mana wannan bayanin? Mutanen naku sun sauko daga mota, sun miƙa kwalabe, sun koma sun rufe gilas. Ko baki ɗaya ba wanda ya buɗe ya ce magani za a kawo muku. Da sun faɗa, ni mahaukaciya ce da zan hana mijina magani? Na yi kuka da na karanta, na yi fushi, na sake karantawa na sake kuka. Yanzu fushin ya tafi ya bar ni da tsoro.

Maganar gaya wa shugabanka kuwa, Dogo ya ce in roƙe ka don Allah ka rufa musu asiri. Shugaban aikinsu ya tara su ya yaba musu, wai rukuninsu ne ya fi kowane tsabta, ya ce takalman robar da ya raba musu ne suka yi aiki. Takalman da ke tsayawa a gwiwa, Yaya! Dogo da ya fi kowa tsayi shi ake turawa tsakiya inda ruwa ke kai masa ƙirji. Takalmin ya cika ya yi nauyi, sai ya cire ya rataye a reshe ya shiga haka nan. Yanzu in aka ji abin da suka yi, mutumin nan zai ce sun kunyata shi, kuma korar da suka guda ita za ta same su. Tsoho ya zo har ƙofar gida yana murza hula, ya ce in tuna shi ba wanda zai sake ɗaukarsa aiki.

Na yi wa Dogo maganar hoto, ya ce sai an gama share babbar magudana, don manoma na jiran a sako ruwa, kuma wanda ya yi fashi a wannan lokacin ana maye gurbinsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na daina yi masa magana, duk a banza. Sai ya yi murmushin nan nasa ya ce in kwantar da hankalina, shi da ruwa sun saba. Ƙwayoyin ya sa a aljihu ya fita da su, ya ce zai sha a wurin aiki in ya ci abinci.

Ƙafafunsa sun fara kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tashi. Mene ne wannan kuma?

Ka gaishe da gida.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Dogo ne, mijin ƙanwarka mai faɗa. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da lauje.

Na gode da magani, Allah Ya saka da alheri. Zan faɗa maka yadda aka yi da shi, don na san in ban faɗa ba ita za ta faɗa da ƙari. Mun zauna cin abinci a bakin magudana, na fito da ƙwayoyin, sai na ga ido a kaina. Gajere nasa jinin bai tsaya ba, kullum ina ganin inda ya tsuguna. Tsoho ma haka, da wasu biyu. Yaya, mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya, in na zame su ke kamo ni. Yaya zan haɗiye biyar su suna kallo? Sai na ba kowa ɗaya, ni ma na sha ɗaya. Na ce ko ba ta kashe tsutsar duka ba, ta rage mata ƙarfi. Gajere har ya ce ya ji jiri, alamar tana aiki ke nan.

Ka daina damuwa da ni. Jikin da sauƙi, sai dai kasala da ɗan kumburi. Da an sako ruwa zan zo a yi hoton, in sa riga mai kyau don ya fito da kyau. Maganar shugabanka kuma, don girman Allah a bar ta.

Naka,
Dogo

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya, kuma hanya ba ta jijjiga shi da yawa ba.

Na san kin lura ban iya haɗa ido da ke ba lokacin da muka fito daga wurin likita. Kin tambaye ni a baranda, na ce sai sakamako ya kammala. Ya riga ya kammala, bakina ne ya yi nauyi, ga shi kuma Dogo yana zaune a benci yana wasa da ɗan wata mata. Ranar da kika kira ni da wayar maƙwabta kika ce ya yanke jiki ya faɗi a ruwa, kuma jini ya dawo guda-guda, tun ranar jikina ya ba ni. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mafitsararsa ta ƙandare, kuma wani tsiro ya fito a cikinta, irin mugun nan. Ciwon daji ne. Ya toshe hanyoyin da fitsari ke saukowa, ƙodojin biyu sun kumbura, ɗaya ta riga ta daina aiki. Tsiron ya bazu har wajen mafitsara, likita ya ce aiki ba zai yiwu ba. Na kai hoton wurin wani likitan, na kai wurin na uku, maganarsu ɗaya. Cikakken maganin tsargiya da muka ba shi a nan ya kashe tsutsar, amma ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata.

Kada ki ce kwalbar nan ce ta jawo. Wannan ɓarnar ta shekaru ce, tun yana yaro take taruwa. Ba zan yi miki ƙarya in ce watannin da aka rasa ba su da amfani ba, amma ban sani ba, likita ma bai sani ba. Ƙwaya ɗai-ɗai da ya raba kuwa ba ta warkar da kowa a cikinsu ba. Ban iya yi masa faɗa ba.

Na saɓa roƙonsa, na gaya wa shugabana komai. Ya saurare ni, ya ce sakamako ya riga ya shiga rahoton shekara, maganin bana kuma an gama rabonsa. Ya ce zai duba yiwuwar sake gwaji in mutanen za su yarda su bayar da nasu na gaskiya.

Ki ba shi maganin rage zafin yadda na nuna miki. Ki rage masa gishiri. Ki lura da fitsarinsa. In ya ragu sosai, ko ya tsaya cak, ya kama yawan barci, to ɗaya ƙodar ce ta tsaya, kuma daga nan ba nisa. Ki aiko min nan take.

Ban gaya masa ba. Ke kika fi sanin abin da zai iya ɗauka.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Yayanki

*

Yaya,

Salama. Na karanta a bayan ɗaki, na cusa mayafi a baki don kada ya ji. Na wanke fuska na shiga, ya ce me Yaya ya ce, na ce ka ce a ci gaba da magani. Ya ce ai ya faɗa min.

Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ka ce min muguwa in ka ga dama.

Na sauko da katifa ƙasa kusa da ƙofa, don gadon ya yi masa tsawo wurin sauka. Na ajiye bokiti a gefensa. Ya tashi ya durƙusa, ya dafa bango, ya yi ta nishi har gumi ya jiƙa masa riga, abin da zai fito bai cika cokali ba. Ya kwanta, kafin in rufe bokitin ya sake tashi. Mutumin da ke sunkuyawa kafin ya shigo ɗaki, yanzu ni ke ɗaga shi. Abinci in ya kai baki sai ya ce ƙarfe-ƙarfe yake ji. Jikinsa duk ya yi fari da susa. Amma bakin nan bai mutu ba, jiya ma ce min ya yi tunda na iya ɗaukarsa, in an buɗe ɗaukar ma'aikata in je a gwada ni.

An maye gurbinsa. Shugaban aiki ya aiko a karɓi takalma da lauje, ya ce a gaishe da mai jiki. To ka ga abin da ya biyo baya. Mutanen suka ce ga shi nan, Dogo ya je asibiti an ga cutar, an sallame shi, ashe maganar gaskiya ce. Na fita har bakin magudana na same su, na ce wallahi ba haka ba ne, an cire shi ne don ba ya iya tsayuwa. Na faɗa musu duk abin da ka rubuta, katantanwa da ƙwai da komai. Suna tsaye cikin ruwa har ƙugu suna saurarena. Gajere ya kau da kai. Tsoho ya ce, “'Yata, mun ji. Amma ki gaya wa yayanki kada farar motar nan ta dawo.” Ka gaya wa shugabanka kada ya wahalar da kansa, ba za su bayar ba.

'Yar Fari ta daina cin abinci sosai. Ta same ni ina wanke bokiti, ta ce, “Umma, da ban cika kwalbar ba, da an ba Baba magani?” Na ce ke aike aka yi miki, yaro ba ya laifi a aike. Ta tsaya tana kallona, don ta san wanda ya aike ta.

Na gaji, Yaya. Ka ce kada in ɗora wa kaina, na ji, amma in na rufe ido dariyar da na yi ranar nake ji. Ina son mutumin nan, ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba don kunya, yau na faɗa.

Ku sa mu a addu'a.

Auta

*

Yaya,

Salama.

Tun jiya bai nemi bokiti ba. Na duba, a bushe yake.

Shi murna yake yi. Ya ce rabonsa da barci mai daɗi irin wannan har ya manta, zarya ta ƙare, maganin Yaya ya fara aiki. Ya ce in rubuta in yi maka godiya, in kuma tambayi Gajere ko an ba wani takalmansa. Na ce to. Kafin in nemo biro ya sake yin barci.

Ga godiyarsa na isar.

Kada ka tsaya neman magani. Ka taho kawai, ka biyo motar kayan lambun nan in ta juyo.

Auta